Baƙo Raɓa: Tafiyar Magani a Jikin Mai Ciwon Ƙoda

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Da za a tambaye mu wane baƙo ne wannan karin magana ya fi dacewa da shi, da sai mu ce magani. Ana kiransa ne idan gida ya rikice, ya shigo ya yi abin da ya kawo shi, sa'an nan a so ya kama hanya tun rana ba ta take ba. Sai dai mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran 'yan'uwanmu na ƙasar Hausa, shigowar baƙon nan muka fi sani. Mun san a haɗiyi kafso da ruwa, mun san a tsira allura, mun san ledar ƙarin ruwa da ake ratayewa a gefen gado. Amma ta inda yake fita, da tsawon zaman da yake yi kafin ya fita, da abin da ke aukuwa idan ƙofar fitar ta ƙi buɗuwa, wannan ba kasafai ake zancensa ba, ko a majalisa ko a takarda. Shi muke son mu tattauna da 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa, domin kuwa a yankinmu na yammacin Zamfara maganar ta riga ta taɓa mu, kuma akwai alamar za ta sake taɓa mu.

Mu dai malaman makaranta ne, alli muka sani. To amma a manhajar sakandare akwai babin da ke bayani kan yadda jiki ke fitar da dattinsa, saboda haka duk shekara sai mun tsaya gaban allo mun zana ƙoda, ga ta nan kamar ƙwayar wake. Mukan gaya wa yara cewa kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan mitsi-mitsin matatai kimanin miliyan 1, kuma su biyun suna tace ruwan da ya kai lita 180 daga cikin jini a kwana guda, wato saura kaɗan ya cika durom. Kusan dukan ruwan nan jiki ke sake tsotsewa, abin da ke fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. A cikin wannan ɗan abin ne ake zubar da gishirin da ya yi yawa, da dattin abincin da jiki ya gama moro, da kuma da yawa daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda 'yan boko ke kira antibayotik. Hanta ma tana da nata rabon aikin, amma ga magunguna masu yawa ƙoda ce mai tsaron ƙofa.

Tun ranar da aka fara amfani da irin waɗannan magunguna likitoci suka san da zaman mai tsaron ƙofar nan. Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, amma sai a watan Fabrairun 1941 aka gwada shi sosai a kan wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander a garin Oksfod na ƙasar Ingila, wanda ƙwayoyin cuta suka cinye masa fuska. Mutumin ya fara samun sauƙi ƙwarai, sai dai maganin da ke hannu ɗan kaɗan ne, ga shi kuma ƙodarsa lafiya lau, tana fitar da shi kusan da saurin da ake zuba shi. Dabarar da masanan suka yi ita ce su tara fitsarinsa, su koma ɗakin bincike su tace maganin daga ciki, su sake yi masa allura da shi. Duk da haka maganin ya ƙare, ciwon ya dawo, ya mutu a watan Maris. A jikin mai lafiyar ƙoda ke nan, inda matsalar ita ce baƙo ba ya son zama.

Masana suna da ma'aunin da suke auna zaman magani da shi, kuma lissafi ne da ɗan aji ɗaya zai iya. Suna duba tsawon lokacin da rabin maganin ke ɗauka kafin ya bar jini, mu kira shi rabin wa'adi. Idan akwai 100 a jini, bayan rabin wa'adi ɗaya saura 50, bayan na biyu saura 25, a haka har ya ƙare. Rabin wa'adin fenisilin kamar minti 30 ne. Na jentamaisin, allurar nan da kowane kemis ya sani, awa 2 zuwa 3 ne. Na wani mai ƙarfi da ake kira bankomaisin kimanin awa 6 ne. A kan wannan lissafi aka gina maganar a sha sau uku a rana ko a yi allura safe da yamma. To, idan ƙoda ta daina aiki, jentamaisin kan kai kwana 2 kafin rabinsa ya fita, bankomaisin kuwa har mako guda. Duk wanda ya ci gaba da ba irin wannan majiyyaci magani safe da yamma kamar yadda aka saba, tara masa shi yake yi, sabo a kan tsoho, har ya tashi daga magani ya koma guba.

Darasin farko da muka samu kan shiga da fitar abu a jikin ɗan Adam, a ƙauyukanmu muka same shi, kuma da tsada. A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu garuruwa na ƙasar Anka da Bukkuyum, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga nan sai ƙananan yara suka shiga amai da ciwon ciki da jijjiga, yau a binne wannan, gobe a binne wancan. A watan Maris na shekarar ne ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ake kira Na-gari Na-kowa, ta ci karo da al'amarin tana cikin sa ido kan cutar sanƙarau. An ba yaran maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba su antibayotik, duk a banza, domin babu ƙwayar cutar da za a kashe. Gwajin jini ne ya tona asirin: gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna cike da dalma, ana kawo su cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, an rasa 118 a shekara guda. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu baki ɗaya. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, Bagega, 'Yargalma, Tungar Guru, sunayen da a da sai mu kaɗai muka san su, suka shiga bakin duniya.

Maganin da aka ba yaran a asibitocin Anka da Bukkuyum shi ne wanda ake kira DMSA. Aikinsa abin mamaki ne. Yana shiga jini ya damƙi dalma kamar yadda awartaki ke damƙar ƙarfe, su zama abu ɗaya mai narkewa a ruwa, sa'an nan ƙoda ta tace su tare ta zubar a fitsari. Ashe ko maganin guba ma sai da yardar ƙoda yake aiki. Iyaye mata sun koyi wani abu kuma da ba a rubuce yake a littafinmu na aji ba. Sai a gama wa yaro zagayen magani na makonni, a auna jini a ga dalma ta sauka, bayan ɗan lokaci a sake aunawa a ga ta hau. Dalili shi ne jiki yana da rumbu. Dalma takan ɓuya a ƙashi, inda take iya yin shekaru masu yawa, da zarar an share ta daga jini sai rumbun ya sake sako wata. Shi ya sa yara da yawa sai da aka maimaita musu zagayen sau da dama, shi ya sa kuma likitoci suka nace sai an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani. Bagega ba ta samu wannan shara ba sai a 2013, kuma sai a 2022 ƙungiyar ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Mu riƙe maganar rumbun nan, za mu sake haɗuwa da ita.

Abin da ke hana mu barci shi ne, dalma ba ƙwaƙwalwa kaɗai take taɓawa ba, tana cin ƙoda a hankali, tana kuma hawar da jini. A jihar Kwinsland ta ƙasar Ostareliya, a farkon ƙarni na 20, yara sun sha gubar dalma daga fentin barandar gidajensu, bayan shekaru kuma likitocin can suka lura samari da 'yan mata na mutuwa da ciwon ƙoda fiye da na sauran jihohin ƙasar. Yaran da ke goye a 2010 yanzu sun zama samari da 'yan mata, tsararrakinsu ne ke zaune a gabanmu a aji. Ba muna yi wa kowa mugun baki ba ne, Allah ya tsare. Amma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai sai ya shafa wa nasa ruwa. Ya kamata mutanen wannan yanki su fi kowa sanin ƙoda, da abin da ake yi idan ta gaza, da yadda magani ke zama a jikin wanda tasa ta gaza.

Idan ƙoda ta gaza, in ba dashe ba sai wanki. Wankin da aka fi sani shi ne na inji, wanda wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Kolff ya ƙera a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Ana jawo jini ta roba, ya bi ta matacin inji, ya koma jiki, awa 4 a zama guda, sau 3 a mako idan ana son a yi shi yadda ya kamata. A Nijeriya an fara shi a asibitin koyarwa na Legas a 1981. Mutumin Gummi ko na Nasarawar Burkullu da wannan larura ta same shi, hanyarsa sai Gusau ko Sakkwato, wani lokaci har Kano. Kowa ya san abin da wannan tafiya ke nufi: kuɗin mota, kuɗin wanki, mai rakiya, masauki, ga fargabar hanya da ta addabe mu a shekarun nan. Mun ga gidajen da aka sayar da gona da shanun noma, aka yi wata biyu ana zirga-zirga, daga bisani aka dawo gida aka zauna jiran ikon Allah.

Akwai wanki na biyu wanda mutanenmu ba su cika jin labarinsa ba, shi ne wankin ƙoda ta ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga wani siririn tantani mai sheƙi da ya lulluɓe hanji da bangon ciki. Ɗan Adam ma yana da irinsa, cike da ƙananan jijiyoyin jini, kuma shi ake mayarwa mataci. Wani likitan Jamus, Georg Ganter, ya fara gwada wannan a jikin mutum a 1923. A 1968 Henry Tenckhoff ya fito da wata roba mai laushi da za a iya dasawa a ciki, kusa da cibiya, ta zauna shekaru. A 1976 kuma wasu masana biyu a Amurka, Popovich da Moncrief, suka tsara yadda majiyyaci zai yi wa kansa a gida. Za a rataye leda mai ruwa lita 2, ruwan ya gangara cikin ciki ta robar, a bar shi awa 4 zuwa 6 mutum na harkokinsa, sa'an nan a ajiye wata ledar a ƙasa ya gangaro, a zuba sabo. Sau 4 a yini, ba inji, ba lantarki. Yadda launin ganyen shayi ke ratsa 'yar takardarsa ya bazu a ruwan zafi, haka dattin jini ke ratsa tantanin ya shiga ruwan. Yadda kuma gishiri ke jawo ruwa daga yankakken tumatir, haka sukarin da ke cikin ledar ke jawo ruwan da ya taru a jiki.

Mai karatu zai ce to me ya hana a wadata mu da wannan, mu da ke nesa da inji? Amsar tana cikin ledar. Lita 8 a rana lita 240 ke nan a wata, kuma ruwa ne na musamman da akasari daga waje ake shigo da shi, ga tsada ga nauyin dako. Saboda haka manya masu wannan wanki a Nijeriya 'yan ƙalilan ne, alhali ƙasar Sudan ta kafa shirinsa na ƙasa tun 2005. Inda aka fi yin sa a wurinmu shi ne ga ƙananan yara da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya, sakamakon zazzaɓi mai tsanani ko gudawa ko guba, irin abin da ya faru a 2008 lokacin da gurɓataccen maganin haƙori na My Pikin ya hallaka yara 84. Jijiyar jariri ta yi ƙanƙanta ga inji, amma cikinsa na karɓar ruwa. A wasu asibitocin koyarwa na ƙasar nan likitoci sun ceci yara da robar ba da abinci ta hanci da ruwan da suka haɗa da hannunsu, har ƙodar ta farfaɗo.

Babban abokin gabar wannan wanki shi ne ƙwayar cuta. Cikin ɗan Adam rufaffen ɗaki ne, robar nan kuwa taga ce da ake buɗewa sau 4 kullum. Hannun da ba a wanke ba, ƙurar hunturu, numfashin mai haɗa robar, kowanne na iya shigar da cuta, ta tarar da ruwa mai ɗumi mai sukari, abin nema ya samu. Alamar farko a ledar ake ganinta. Ruwan da ya saba fitowa garau, har ana iya karanta rubutu ta cikinsa, sai ya fito da hazo kamar ruwan tsarin gero, ga ciwon ciki, wani lokaci da zazzaɓi. Tantanin ya kumbura ke nan. A nan ne antibayotik ke shigowa, a nan ne kuma tafiyarsa ta bambanta da duk wadda muka sani.

Da farko dai ƙofar shigarsa ta sauya. Ƙa'idar da ƙungiyar masana wannan wanki ta duniya ta sabunta a 2022 ta fi son a zuba maganin a cikin ledar ruwan, in dai cutar ba ta riga ta bazu a jini ba. Hikimar a fili take: inda wuta ta kama nan ake watsa ruwa. Maganin yana isa wurin ciwon kai tsaye, da ƙarfin da ƙwayar haɗiya ba za ta kai can da shi ba. Tun kafin sakamakon gwaji ya fito akan haɗa iri biyu, ɗaya na ƙwayoyin cutar da ke zaune a fata, kamar sefazolin ko bankomaisin, ɗaya na waɗanda suka fi zama a hanji, kamar seftazidim ko jentamaisin. Idan gwaji ya nuna mai laifin, sai a tsaya a kan wanda ya dace da shi.

Na biyu, tantanin nan hanya ce mai zuwa da komowa. Yadda datti ke ratsowa daga jini zuwa ruwa, haka magani ke ratsawa daga ruwa zuwa jini. Idan tantanin lafiya yake, kimanin rabin bankomaisin da aka zuba ne ke shiga jini. Idan ya kumbura, ƙofofinsa sun buɗe, abin da ke shiga kan kai kashi 90 cikin 100. Wato ciwon da kansa ne ke ƙara wa magani hanya, kuma yayin da sauƙi ke samuwa hanyar na ƙara tsukewa. Wannan ratsawa tana son lokaci, shi ya sa ledar da ke da magani sai ta yi aƙalla awa 6 a ciki, galibi ta dare ake zaɓa. Wanda ya ƙosa ya sauke ta bayan awa 2, ya zubar da maganinsa a masai.

Na uku, ga maganar rumbu ta dawo. Maganin da ya shiga jini ba shi da ƙodar da za ta kore shi, sai ya zauna. Da safe idan aka zuba sabuwar leda wadda ba komai a cikinta, sai maganin ya riƙa ratsowa daga jini yana komawa cikin ruwan, ya ci gaba da yaƙi. Jini ya zama rumbu, kowace leda tana ɗiba kaɗan. Abin da ya wahalar da yaran Dareta, wato jiki ya ɓoye abu ya riƙa sako shi sannu a hankali, shi ne a nan ya zama rahama. Saboda haka bankomaisin da ake yi wa mai lafiyar ƙoda sau 2 a rana, shi mai wankin ciki sau ɗaya ake zuba masa a kwana 5 zuwa 7. Jentamaisin da akan ba babban mutum miligiram 3 zuwa 5 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, shi miligiram 0.6 ake ba shi. Ga mai kilo 60, miligiram 36 ke nan, bai kai rabin 'yar kwalbar nan mai 80 ba. Mun kawo waɗannan alƙaluma ne don a ga girman tazarar, auna su kuwa aikin likita ne, shi ma da taimakon gwajin jini.

Lissafin bai ƙare a nan ba, don majiyyata ba ɗaya suke ba. Wani ƙodarsa ta mutu murus, wani kuwa tana ɗan taɓukawa, yana fitsari kaɗan. Shi wannan na biyu yana da ƙofar fita biyu, leda da fitsari, magani ya fi saurin barinsa, idan ba a lura ba sai a ba shi abin da bai isa ya kashe cutar ba. Magungunan ma halinsu daban-daban. Seftiriyazon, alal misali, yana manne wa sinadaran gina jiki da ke yawo a jini, kuma yana da wata hanyar fita ta hanta da matsarmama, don haka mutuwar ƙoda ba ta cika sauya adadinsa ba. Jentamaisin kuwa ba shi da wata ƙofa sai ƙoda, idan ya daɗe yana taruwa sai ya huce a kan kunne, mutum ya kurumce ko ya riƙa tangaɗi kamar mai jiri, kuma sau da yawa abin ba ya gyaruwa. Ko na haɗiya ma yana da nasa sharaɗi. Masu ciwon ƙoda kan sha ƙwayoyi masu sinadarin alli da na ƙarin jini, idan aka haɗa su lokaci guda da sifuro sai su damƙe shi tun a hanji, ya wuce bai shiga jini ba. Irin damƙar nan ce da ta ceci yaranmu daga dalma, ga ta nan tana ɓata magani. Haka nono ke yi wa tetirasaikilin, abin lura ga masu kora kafso da fura.

Sai kuma haƙuri. Ruwan leda kan washe cikin 'yan kwanaki, amma magani sai ya cika mako 2 zuwa 3, gwargwadon irin ƙwayar cutar. Idan an kwana 5 ana ba da maganin da ya dace ruwa bai washe ba, sai a cire robar, domin ƙwayoyin cuta sun iya gina wa kansu wani yauƙi a jikinta da magani ba ya ratsawa. Doguwar jinya da antibayotik takan share ƙwayoyin kirki na jiki ta bar fili ga cutar fumfuna, don haka akan haɗa da maganin riga-kafinta. Kowane kumburi kuma yana barin tabo a tantanin, idan tabo ya yi yawa mataci ya toshe, sai komawa inji, sai komawa hanyar Gusau.

Wani zai ce ina ruwan wanda bai taɓa ganin ledar wanki ba da duk wannan? Ruwansa shi ne, ƙoda ba ta kururuwa. Takan rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum na noma yana cin kasuwa bai sani ba. Dattijo mai hawan jini, uwa mai ciwon sukari, matashin da ya yi shekaru yana shaƙar ƙurar dutse a ramin zinare yana kwana da maganin ciwon jiki, kowannensu na iya zama mai rabin ƙofa. Ranar kasuwa kuwa mun sha gani, mutum ya tsaya gaban mai tallar magani a faranti ko ya shiga kemis, ya ce a haɗa masa na zazzaɓi da na basir, a ƙara da allura mai ƙarfi. Ba mai tambayarsa yaya fitsarinsa, ko ƙafarsa na kumbura. A 2010, shekarar da muke binne yaranmu, hukumar NAFDAC ta hana allurar jentamaisin mai miligiram 280 saboda ɓarnar da take yi wa kunne da ƙoda. Ƙarfin da muke nema a allura, shi ne wani lokaci ke ƙarasa abin da ya saura.

Ya 'yan'uwa marubuta, a nan namu aikin yake. A littattafanmu na hikaya asibiti wuri ne da ake kai jaruma idan ta suma, likita ya fito yana share gumi, ya yi allura guda, ta buɗe ido ta kira sunan masoyinta. Ba mu ce a daina ba, kowa da abin da ke sayar masa da littafi. Amma jama'a na ɗaukar abin da suka karanta, matan aure da 'yan makaranta musamman, kuma littafi na shiga lungun da malamin asibiti bai taɓa takawa ba. Ga labari a ƙofar gidanmu da ba a rubuta ba tukuna. Uwar da ta kwana makonni a asibitin Anka tana lallashin yaro ya haɗiyi magani mai wari, ta koma gida aka ce a sake. Magidancin da ke ɗaga leda ga hasken taga kowace asuba yana duba ko ruwan garau yake, don a nan zai karanta yadda yininsa zai kasance. Wanda zai rubuta irin wannan sai ya je ya zauna da ma'aikatan jinya ya yi tambaya, ya kuma nemo wa abubuwan sunaye da Hausar da tsohuwa za ta gane. Mun ce rabin wa'adi, mun ce tantanin ciki, idan wani ya samo waɗanda suka fi su, muna maraba.

Kafin nan, ga abin da muke gaya wa ɗalibanmu su kai gida. Duk wanda aka taɓa ce masa ƙodarsa na da rauni, ko ya taɓa shan maganin dalma yana yaro, ya faɗa wa duk mai rubuta masa magani tun kafin a tambaye shi. A riƙa auna hawan jini da fitsari ko ba a jin ciwon komai, abu ne da asibitocin ƙananan hukumominmu ke iya yi. Kada a karɓi allura daga hannun wanda bai san lissafin fitarta ba, kada kuma a yanke magani don an ji sauƙi. Masu riƙe da amanar lafiya a jiha kuma muna roƙonsu kada a rufe littafin yaran 2010, a ci gaba da bibiyar ƙodarsu yadda aka bibiyi jininsu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Amin.